Wusasa: Garin da Aka Kafa Bayan Ganuwar Zariya, da Tarihin Likita Miller da Bishop Bullen

Duk wanda ya taso daga Kaduna ya nufi Kano, idan ya kusanto Zariya, yakan hango wani babban dutse ta yamma da birni, wanda ake kira Kufena, a kusa da shi kuma akwai wani ɗan gari mai suna Wusasa, wanda a yau gidajen bulo da shaguna da gidajen mai suka kusa haɗe shi da sauran unguwannin Zariya, har baƙo ba ya iya gane inda garin ya fara da inda ya ƙare.

A cikin garin akwai wata tsohuwar majami'a ta ginin ƙasa, wato ɗakin ibadar Kirista, akwai asibiti da makarantu da kwalejin horar da limaman coci, akwai kuma iyalai waɗanda Hausa ce harshen gidansu tun kaka da kakanni, sunayensu na Hausa ne, gaisuwarsu da suturarsu da cimarsu duk na Hausa ne, addininsu kuwa Kiristanci ne.

Abin da yake samun Wusasa shi ne yake samun ƙananan garuruwa da yawa a ƙasar Hausa, domin birane suna ta haɗiye su, tsofaffin da suka san yadda aka kafa su suna ta ƙarewa, gine-ginen ƙasa suna zubewa ana maye su da siminti, ga shi kuma an shafe shekaru kusan goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya, kafin gwamnati ta sanar da dawo da shi.

Rashin zai fi ciwo a Wusasa, saboda tarihinta yana gyara wani zato da ya yaɗu, cewa Turawan mulki da Turawan mishan, wato masu yaɗa addinin Kirista, bakinsu ɗaya ne a kowane wuri da kowane lokaci. Wusasa ta zama abin da ta zama ne domin gwamnatin Turawa da masarauta sun so a fitar da mishan daga cikin birnin Zariya, kuma daga wannan fitarwa aka sami garin da ya yi renon shugaban ƙasa da likitan farko na Arewa.

Yadda aka fara neman ƙasar Hausa

Yankin Kufena tsohon mazauni ne tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, kuma tarihin baka na Zazzau yana ambatonsa tare da Turunku a cikin wuraren da sarautar ƙasar ta zauna kafin birnin Zariya ya kafu sosai. Amma labarin Wusasa ta yau ya faro ne daga Ingila, inda wata ƙungiyar bishara ta cocin Angilika, wadda aka fi sani da CMS, ta daɗe tana sha'awar ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19.

Dalilin wannan sha'awa shi ne labaran da matafiya suka kai na girman Kano da kasuwancinta, da yadda fatake suka baza harshen Hausa daga Gwanja har Tarabulus, abin da ya sa shugabannin ƙungiyar suka yi tunanin cewa duk wanda ya shawo kan Hausawa ya sami ƙofar shiga tsakiyar Afirka ta Yamma. A kan wannan tunani ne Charles Robinson ya ziyarci Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa bayan komawarsa.

Walter Miller, wanda aka haifa a 1872 ya kuma karanta likitanci a asibitin St Bartholomew da ke Landan, yana cikin matasan da wannan kira ya ja hankalinsu. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da aka tura shi Tarabulus, inda akwai Hausawa fatake da alhazai da bayi, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi, a can ne kuma ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid wanda daga baya ya zama ɗan gidansa kuma mataimakinsa.

Tafiyar 1900 da korar da aka yi a Kano

A farkon 1900, shekarar da Gwamna Lugga ya yi shelar kafa mulkin Ingila a Arewa daga Lakwaja, Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin Turawa biyar daga Legas zuwa Kano. Bishop shi ne babban limami mai kula da majami'un yanki guda, kuma tare da Tugwell akwai limamai biyu, Richardson da Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin, sai Likita Miller.

A lokacin shelar Lugga tana kan takarda ne kawai, domin Kano da Zariya da Sakkwato duk suna hannun sarakunansu, shi kansa Lugga bai so ayarin ya wuce iyakar da sojojinsa za su iya kare shi ba. Duk da haka suka ci gaba, suka ratsa Zariya a zamanin Sarki Kwasau, suka isa Kano, inda suka nemi iznin zama da buɗe makaranta da wurin shan magani.

Sarkin Kano Alu bai amince ba, ya kuma ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Idan aka dubi lamarin ta fuskar fada, hukuncin ba abin mamaki ba ne, domin baƙi ne da suka shigo ba tare da iznin Sarkin Musulmi ba, a daidai lokacin da labarin yaƙin Turawa a Bida da Ilori yake bakin kowa, suna kuma ɗauke da addinin da malaman gari ba su ga dalilin karɓarsa ba.

Ayarin ya juyo ya sauka a Girku, kudu da Zariya, inda ciwon atuni ya kashe Dudley Ryder, sauran kuma rashin lafiya da umarnin gwamnati suka sa suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Miller kaɗai ne daga cikinsu ya mayar da ƙasar Hausa aikin rayuwarsa, ya dawo Girku a 1902, shekarar da sojojin Turawa suka shiga Zariya, sa'an nan a 1905 ya sami iznin zama a cikin birni, a unguwar Durumin Maigarke, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi.

Mishan a cikin birni, gwamnati tana harara

Zaman Miller a cikin ganuwa abu ne da ba kasafai ake samun irinsa ba a manyan biranen Musulmi na Arewa a wancan zamani, dalili kuwa shi ne alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903, cewa gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulunci ba. Tsarin mulkin da Turawa suka zaɓa shi ne mulki ta hannun sarakuna, wato a bar sarki da alƙalansa da hakimansa su tafiyar da jama'a su tara haraji, Bature mai muƙamin Razdan yana duba su daga gefe.

Irin wannan tsari yana bukatar kwanciyar hankalin sarakuna, domin Turawan da ke Arewa 'yan kaɗan ne, sojojinsu ma ba su da yawa, tashin Satiru na 1906 kuwa ya nuna musu yadda wutar addini take iya kamawa cikin dare ɗaya. Saboda haka manyan jami'ai irin su Burdon da Temple da Palmer suka fassara alkawarin Lugga da cewa hani ne ga mishan ya shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, aka karkata masu bishara zuwa ga al'ummomin da ba Musulmi ba a Filato da kudancin Zariya da Binuwai da Adamawa.

Miller ya shaƙu da Lugga, gwamnati kuma ta amfana da zurfin Hausarsa wajen fassara da koya wa jami'anta harshen, har ya kai ga gabatar da shawarar a buɗe makarantar malamai da 'ya'yan sarakuna a ƙarƙashin kulawarsa. Da Lugga ya tafi a 1906, wanda ya gaje shi, Gwamna Girouard, ya ƙi wannan shawara, ya ɗora aikin ilimin gwamnati a kan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Abin lura shi ne Vischer kansa tsohon ɗan mishan ɗin CMS ne da ya koma aikin gwamnati, haka ma Bargery mai babban ƙamus na 1934.

Wannan bai hana Miller buɗe tasa makarantar a gidansa ba, inda yara suke kwana suke ci tare da shi, yana koya musu karatun boko da lissafi da Turanci da addini, yana kuma duba marasa lafiya. Makarantar ƙarama ce, ɗalibanta ba su wuce 'yan gommai ba a yawancin shekaru, amma horon da ake yi a cikinta mai tsanani ne, har wasu ɗalibanta suka iya zarcewa zuwa manyan makarantun Legas a lokacin da hakan yake da wuya ƙwarai ga ɗan Arewa.

Tsakaninsa da fada kuwa zumunci ya rikiɗe ya zama gaba. Miller mutum ne mai kaifin harshe wanda ba ya ɓoye abin da ya gani, ya riƙa kai ƙarar abin da ya kira zalunci da cinikin bayi a ɓoye, masana tarihi kuma suna lissafa rahotanninsa cikin abubuwan da suka taimaka wajen tuɓe Aliyu Ɗan Sidi a wajen 1920, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu. Sarkin malami ne kuma fasihin mawaƙi wanda har yau ake nazarin waƙoƙinsa, don haka wannan tuɓewa ta bar tabo a zukatan mutanen birni game da mishan.

Isawa da ƙauyen Gimi

Duk da shekarun da aka shafe ana wa'azi da ba da magani, mutanen birnin Zariya da suka karɓi Kiristanci ba su da yawa. Jama'ar da ta zama ƙashin bayan cocin Hausa ta fito ne daga wani wuri dabam, daga cikin mutanen da ake kira Isawa.

Isawa almajiran wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda ya rayu a tsakiyar ƙarni na 19, wanda kuma nazarinsa na ayoyin Alƙur'ani da suka yi magana a kan Annabi Isa ya kai shi ga ba shi wani matsayi da sauran malamai suka ga ya kauce wa koyarwar Musulunci. An kashe shi a kasuwar Kano a wajajen shekarun 1860, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watsu zuwa ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci da duwatsun Ningi, suna riƙe da koyarwarsa ba tare da sun taɓa ganin Baturen mishan ba.

A wajen 1913 ne wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Miller, bayan tattaunawa mai tsawo kuma wani ɓangare nasu ya amince a yi masa baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, wasu kuma suka tsaya a kan abin da suka gada. Aka samar wa waɗanda suka amince fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, suka kafa ƙauye na mutum ɗari da 'yan kai, da gonaki da makaranta da majami'a, a ƙarƙashin wani limami baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson.

Ba a jima ba ciwon sammore, wato ciwon barci da ƙudan tsando yake yaɗawa a bakin rafuka masu duhuwa, ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa cikin 'yan shekaru, har aka tashi daga wurin. Marayu da sauran yaran da suka tsira aka mayar da su makarantar Zariya, daga wannan zuriya kuma aka sami da yawa daga cikin iyalan da suka kafa Wusasa. Wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ya nuna cewa tushen wannan jama'a yana cikin wata muhawara ce ta malaman Hausa da kansu, wadda ta riga zuwan Turawa da kimanin shekara arba'in.

Ƙaurar 1929 da Guy Bullen

A shekarun 1920 matsin lamba ya ƙaru a kan mishan ya bar cikin birni. Fada ba ta son zamansa, jami'an gwamnati suna ganinsa a matsayin saɓa wa alkawari, akwai kuma dokar da ta ce Turawa su zauna nesa da unguwannin 'yan ƙasa da tazarar yadi 440, wadda aka kafa da hujjar kiwon lafiya. Ban da wannan, harabar Durumin Maigarke ta yi wa makarantar maza da ta mata da ɗakin magani kaɗan.

A daidai wannan lokaci ne wasu matasa daga jami'ar Kambirij suka ɗaura aniyar taimaka wa aikin ƙasar Hausa, fitacce a cikinsu shi ne Guy Bullen, limamin coci wanda ya yi yaƙin duniya na farko har ya sami lambar jarumta, ya kuma iso Nijeriya a tsakiyar shekarun 1920. Wani daga cikinsu, Max Warren, tarin fuka ya mayar da shi gida bayan ƙasa da shekara guda, daga baya ya zama babban sakataren CMS na tsawon shekara ashirin da ɗaya.

Bullen ya sha bamban da Miller a hali da dabara, domin shi mutum ne mai sassauci da iya zama da jami'ai, ya kuma ga cewa fili mai faɗi a bayan gari, inda za a gina asibiti da makarantu yadda ake so, ya fi wata 'yar haraba a cikin birni da kullum ake rigima a kanta. Shi ne ya jagoranci sasantawa da gwamnati da masarauta a zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, aka ba da fili a Wusasa, aka yi ƙaura a 1929.

Miller bai ji daɗin wannan mataki ba, domin a ganinsa ja da baya ne daga wurin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana riƙe da shi, kuma ware Kiristoci a ƙauyensu zai raba su da 'yan uwansu Hausawa. Ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, ya bar CMS a tsakiyar shekarun 1930, ya ƙare rayuwarsa a Bukuru kusa da Jos, inda ya rasu a 1952. Bullen kuwa an naɗa shi mataimakin bishop na Masar da Sudan a 1935, ya rasu a haɗarin jirgin sama a kudancin Sudan a ƙarshen 1937, yana da shekara arba'in da ɗaya kacal.

Idan aka auna da abin da ya biyo baya, kowannensu yana da gaskiya ta wani gefe, amma ta Miller ta fi nauyi. Fili ya ba da damar gina cibiyoyin da suka ɗaukaka Wusasa kamar yadda Bullen ya hango, sai dai tazarar da ke tsakanin ganuwa da dutsen Kufena, ko da yake tafiyar ƙafa ce, ta sa mutanen birni suka daɗe suna kallon Kiristan Hausa a matsayin mutumin wani wuri na dabam.

Majami'ar da maginan Hausa suka gina

Ginin da ya fi kowane bayyana wannan zamani shi ne majami'ar St Bartholomew, wadda aka gina a lokacin ƙaura da ƙasa da azara bisa tsarin ginin Hausa, maimakon a kwaikwayi majami'un dutse na Ingila ko na bulo da kwano na Legas. Zariya gari ne na gwanayen magina, a cikinta ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, saboda haka hannun da zai yi aikin yana nan kusa.

Yadda ake irin wannan gini shi ne a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta tsima, a mulmula tubali mai siffar ƙwai a shanya shi a rana, sa'an nan a jera shi sahu-sahu ana cike tsakani da laka, katangar tana da kauri a gindi tana sirancewa yayin da take hawa. Rufin kuwa ana ɗora shi ne a kan baka, wato ginshiƙi mai lanƙwasa da ake haɗawa da azara, itacen giginya da aka tsattsaga wanda gara ba ta cika ci ba, ana ɗaure guntayensa ɗaya bisa ɗaya har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da laka.

Wannan dabara ce take ba da zaure mai faɗi wanda yake da sanyi da rana da ɗumi a lokacin hunturu, amma tana da sharaɗi, domin ginin ƙasa yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, da shafen makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake haɗawa da ƙasa don kare bango daga ruwa. Maginan da suka iya ɗaurin baka sun yi ƙaranci a yau, giginya ma ta ragu, saboda haka kula da irin wannan gini ya fi ƙarfin jama'ar coci ɗaya.

'Ya'yan da garin ya yaye

Tasirin makarantar Miller da ta Wusasa ya fi girman garin nesa ba kusa ba. Dakta Barau Dikko, wanda ya yi karatun likita a jami'ar Birmingham ya zama likitan zamani na farko daga Arewa, ɗan makarantar mishan ne, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940 har ya shugabance ta tun tana ƙungiyar al'adu, babban asibitin koyarwa na jihar Kaduna kuma yana ɗauke da sunansa.

Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje a jamhuriya ta biyu. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekaru na 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi ya yi firamare, domin mahaifinsa, mutumin Angas daga Filato, ya zo garin ne a matsayin mai koyar da addini a coci. A fagen adabi kuwa akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na ƙagaggen labari a boko.

Asibitin St Luke na garin ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga birni da ƙauyuka ba tare da tambayar addininsu ba, yana kuma horar da ma'aikatan jinya da unguwarzoma, sakandaren mishan ta St Paul kuma ta koma hannun gwamnati a shekarun 1970 aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Kufena. A yau Wusasa mazaunin bishop ce ta cocin Angilika, tana kuma ƙarƙashin masarautar Zazzau kamar sauran garuruwan da ke kewaye da birni.

Aikin da ya fi kowane nisan zango shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda Miller ya yi shekaru yana jagoranta tare da mataimakansa Hausawa da masu bishara na wasu ƙungiyoyi, aka buga ta cikakkiya a 1932. Waɗanda suka fi amfani da ita su ne al'ummomin Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da sauran wuraren da harsuna suka yi yawa, inda Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙar coci da ajin yaƙi da jahilci, har zuwa majami'un yankin Maraɗi a Nijar. Ta haka mutumin da ya zo don ya sauya addinin Hausawa ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗaɗa harshensu a tsakanin waɗanda ba Hausawa ba.

Mahangar ɓangarori

Masana ba su haɗu a kan hukunci ɗaya game da Miller ba. Masu nazarin tarihin mishan, irin su Ayandele da Crampton, sun fi mayar da hankali a kan yadda gwamnatin Turawa ta tauye masu bishara a masarautu, wasu kuma suna danganta tazarar ilimin boko da ke tsakanin Arewa da Kudu da wannan hani, tun da a Kudu makarantun mishan ne suka ɗauki nauyin yawancin karatun.

Masana da malamai Musulmi kuwa suna tunatar da cewa Miller ya yi maraba da cin ƙasar da Turawa suka yi da yaƙi, ya yi rubuce-rubuce masu zafi a kan Musulunci da sarautar Fulani, ya kuma goyi bayan a fifita boko a kan ajami, wato rubutun Hausa da haruffan Larabci wanda malamai suka yi ƙarnuka suna amfani da shi. A wurinsu, haɗa makaranta da wa'azi da irinsa suka yi yana cikin dalilan da suka sa iyaye suka daɗe suna ɗari-ɗari da karatun boko.

Dukkan maganganun biyu suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a ɗauki ɗaya a binne ɗaya. Shi kansa Miller bai mutu yana mai gamsuwa da mulkin 'yan ƙasarsa ba, domin a 1947 ya wallafa littafin da takensa yake tambaya ko Turawa sun gaza a Nijeriya, inda ya soki yadda aka tafiyar da mulki aka bar talaka a baya.

Su kuwa Hausawa Kiristoci na Wusasa, kukansu shi ne sau da yawa ana mantawa da su ta ɓangarori biyu, wasu Musulmi suna mamakin a ce Bahaushe ne kuma Kirista, wasu Kiristocin Kudu kuma suna ɗaukar duk mai jin Hausa da babbar riga Musulmi ne. Rikicin addini na 1987, wanda ya faro daga Kafancan ya bazu zuwa Zariya da kewayenta aka ƙona majami'u, ya taɓa Wusasa, ya kuma girgiza zaman amana da aka daɗe ana yi, ko da yake dangantakar jini da maƙwabtaka da ciniki tsakanin iyalan garin da na birni ba ta yanke ba.

Inda takardun suke

Yawancin wasiƙu da rahotannin da Miller da Bullen da abokan aikinsu suka rubuta suna ajiye a taskar CMS da ke jami'ar Birmingham a Ingila, takardun Razdan da na lardin Zariya kuma suna taskar adana takardu ta ƙasa da ke Kaduna. Abin da ba ya cikin kowace taska shi ne bakin Hausawan da aka yi abin da su, wato zuriyar Isawa, da matan da suka yi makarantar mishan, da maginan da suka ɗaura bakan majami'a, da malaman birni da suka yi jayayya da Miller.

Ya kamata sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa na Kaduna su haɗa hannu da masarautar Zazzau da cocin Wusasa, a nemo kwafin takardun Birmingham a ajiye su inda ɗalibin Zariya zai iya karantawa ba tare da neman biza ba, a tura ɗalibai su naɗi hirar dattawan ɓangarorin biyu da Hausa, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa kuma ta ɗauki nauyin horar da matasan magina a hannun gwanayen da suka rage a birni.